Ƙullin Tsamiyar Ladi

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a cinya, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce. Babu kura a cikinta, babu aljani. Mutane ne kawai, kuma sun isa.

Sunana Asabe, amma a kasuwar Wuse in ba ka ce Mama Zariya ba, ba wanda zai nuna maka ni. Ban taɓa zama a aji ba. Jikata Nafisa ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata in ta yi wa maganata kwalliya ban yafe ba.

Ita Nafisa a cikin waya take aiki. Tana da shafi, inda take sa hotunan shagunan mutane ta yabi kayansu. In wani mai suna ya yi tuntuɓe, ita ake kira ta lallaɓa maganar. Da safe kuma ta rubuta abin da ya faɗo mata game da wayoyi da masu wayoyi, jama'a su taru a ƙasa suna gardama har azahar. Ta ce sunan aikin hulɗa da jama'a. Ƙawayenta kan zo gidanmu a Karu su baje a tabarma, kowacce kai a sunkuye, ina jin su suna cewa ai aikin nan ba wuya, yatsa ne kawai da data. To, ni na yi wannan aiki tun kafin a haifi wayar, kuma da ƙafa na yi shi. Shi ya sa na ce a rubuta.

A Zariya na koya, wurin Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina. Mutane suna ce mata dillaliya, don tana shiga gidaje da ƙullin zannuwa a ka. Zannuwan nan lulluɓi ne. Abin da take ɗauka na gaske suna ne. In mai sabulu ya fito da sabon sabulu, ita za ta kai sunansa ɗakunan mata. In an ɓata sunan wani, ita za ta bi gida gida ta wanke shi. Shekara biyu ina bin ta da lema, ba ta bar ni na buɗe baki a gidan kowa ba. Duk gidan da muka fito sai ta tsaya a inuwa ta ce, "Wa ke da magana a gidan nan?"

Ranar farko na ce maigida. Ta ranƙwashe ni.

"Ba ki ga tsohuwar da ke gyaran wake a bakin rumbu ba? Da na yi ba'a, duk sai da suka dube ta kafin su yi dariya. In kin shiga gida, ki nemi wanda ake duba kafin a yi dariya. Shi za ki ba goro."

Kayan aikin ba su da yawa. Goro fari da ja a ɗaure cikin ganye mai laima. Lema. Silifas mai ƙwari. Sai 'ya'yan tsamiya, su ne littafinmu mu da ba mu da karatu. In aka kawo wa Gwaggo aikin wankin suna, sai ta fara bin sawun maganar: ke wa ya gaya miki, ita kuma wa ya gaya mata, har ta isa bakin farko. Duk gidan da ta tarar maganar ta shiga, ta jefa ɗan tsamiya ɗaya a tsumma ta ƙulle. Bayan an wanke sunan, sai ta sake bin gidajen nan, in ta fito daga gida ta zare ƙwaya ɗaya ta yar a ƙofa. Ba a kwance ƙulli sai tsamiya ta ƙare. Gidan da maganar ba ta shiga ba kuwa, ko da gidan 'yar'uwarta ne, ba ta ambata. Takan ce, "Kada ki kai magani gidan da ciwo bai shiga ba. Ke za ki zama ciwon."

Shi wankin kansa yana da tsari. A tara shaidu, waɗanda ake jin maganarsu, a ajiye goro a tsakiya. Mai wanki ta miƙe ta faɗi ƙazafin da bakinta, cikakke, ba ragi ba sakaye, yadda aka faɗe shi a bayan ido. Sannan ta yi shiru, numfashi uku. Gwaggo ta ce shirun nan shi ne sabulun. A cikinsa kowa zai ji munin maganar a kunnensa, har wanda ya yaɗa ta ya rasa inda zai sa ido. Bayan shirun sai a ce ƙarya ne, a kawo hujja, bakin farko ya janye, a fasa goro. Ku riƙe wannan shirun, za mu dawo kansa.

Mun zo Abuja lokacin da soja suka koma bariki. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya sami tasi kore da fari yana ja. Kuɗi sun shigo gari, gine-gine suna tsiro kamar ciyawar damina, kullum sai ka ga sabon shago da sabuwar fuska. Kowa baƙo ne, ba wanda ya san uban wani, don haka suna ya yi tsada. Na sami aiki har ƙafata ta yi kanta.

Aikin da ya tsayar da ni a Wuse na Alhaji Sule mai atamfa ne, Bakano. Magana ta fita cewa yadinsa ba ya cika, ka sayi shida ka tarar da biyar da rabi. Kwana huɗu ina bin sawu, daga Wuse zuwa Karu zuwa Nyanya, tsamiya tara na ƙulle. Sawun ya ƙare a shagon wani tela, wanda wata Hajiya ta kai wa atamfarta ɗinki ya ce mata yadin bai cika ba. Na zauna a bencinsa na sha ruwa, na ga 'yarsa ta wuce da riga irin atamfar da ake magana a kai.

Na ce, "Oga tela, rabin yadin Hajiya fa?"

Ya ce, "Mama, almakashi ne ya zame."

"Ya zame har ya ɗinka wa 'yarka riga da aljihu biyu?"

Aka yi zama a shagon Alhaji Sule. Na miƙe na ce, "An ce Alhaji Sule ɓarawon yadi ne." Na yi shiru. Ana jin ƙarar fanka. Tela ya yi ta sharce gumi. Sannan aka ce ƙarya ne, aka auna atamfa goma a gaban jama'a, tela ya nemi gafara, aka fasa goro. Na bi gidaje tara na yar da tsamiya tara. Kafin sati ya zagayo, matan da suka guje shi sun dawo da ƙawayensu. Haka ake yi, kuma haka na saba gani.

Sai waya ta zo. Da farko ban ɗauke ta kishiyar sana'ata ba, na ɗauka abin gaisuwa ne. Gayyar biki ce ta fara tafiya. Da, ni ake ba goro da alawa in kai gida gida, in zauna, in faɗi asalin ango, in ji abin da za a ce. Sai aka koma aika saƙo, mutum ɗari a gayyace su kafin shayi ya huce, ba wanda aka dubi idonsa. Daga nan tallar kaya ta bi. Mace tana kwance a gado za ta ga leshi, ta ga kuɗinsa, ta ga wata baƙuwa ta rubuta cewa yana da kyau, ta yarda. Wace ce baƙuwar, 'yar gidan wa, ta taɓa yin ƙarya ko ba ta taɓa ba, ba mai tambaya. Wanki kaɗai ya rage mini, shi ma jefi-jefi.

Yanzu ga Ladi. 'Yar ƙasa ce, Gbagyi, daga Paikon Kore. Tana da rumfar abinci a bayan wasu ofisoshi a Wuse, tuwon dawa da sakwara da miyar kuɓewa. Lokacin da ta buɗe, tukunya ɗaya gare ta da benci ɗaya. Ni na kai sunanta. Na riƙa zuba miyarta a ƙananan kwanoni ina kai wa masinjoji da direbobi, don na san ogan ofis hancinsa a kwanon direbansa yake. Shekara goma sha wani abu, rumfar ta zama benci takwas da mata huɗu masu taya ta. Masu kwat suna layi da masu tura baro. Da wannan rumfa ta sa 'ya'yanta a makaranta, ta yi wa uwarta rufin kwano.

Sirrin miyarta ruwan toka ne. Ba ta sa kanwa. Karan dawa ake ƙonawa a ƙauyensu, a zuba tokar a tukunya mai huda, a bi ta da ruwa yana ɗiga, ja-ja kamar shayi. Duk Litinin takan zo da shi cikin wani baƙin tulu naɗe da tsumma, a kafaɗa, yadda matansu suke ɗaukar kaya. In za ta zuba sai ta juya wa mutane baya, don masu abinci na gefenta suna so su ga yawan da take sawa. Kuma takan yi addu'a da yarensu a hankali, ita mai zuwa coci ce. Ke nan: baƙin tulu, juya baya, motsa baki.

Akwai wata Jummai mai sayar da katin waya ƙarƙashin lema, daura da rumfar. Wata safiya ciniki bai buɗe ba, ta ɗaga wayarta ta ɗauki Ladi tana zubawa, ta sa a shafinta da rubutu a ƙasa: ko me take zubawa? Wani ya amsa mata cewa ruwan wankan gawa ne, haka suke yi don jan kasuwa.

Kwana uku bayan haka Ladi ta zo Karu. Ba ta karɓi ruwa ba. Ta zauna a ƙasa, ta ce da Hausarta, "Hajiya, miyana bai kashe kowa ba. Uwana ya koya mini. Jiya benci huɗu babu mutum. Masinja ya zo ya ce oga ya ce kada ya sake kawo abincina."

Na ce, "Direbobi fa?"

"Direba yana zuwa. Direba ya san toka."

Nafisa tana gefe tana duba wayarta. Ta ce, "Kaka, in ce wani abu?"

"Faɗi, ƙawalli."

"Ku bar shi. Kada kowa ya ce komai. Nan da sati wani abin zai fito su bi shi, su manta da ita. Rabin benci ya fi babu."

Na ce, "A makarantar taku haka aka koya muku, a bar ƙazafi ya kwana? Wanda ya bar miki ya kwana da ƙuda, da safe tsutsa zai tarar."

Ta ce, "Tsohuwa, wannan ba irin mikin da kika sani ba ne."

Na ce mata na yi wanki tun uwarta tana rarrafe. Ta mai da ido kan wayarta, ba ta ja da ni ba, don tana da tarbiyya.

Na ɗauko tsamiya, mudu guda nake da shi a kwalla. Na ce, "Gida nawa maganar ta shiga?"

"Ba gida take shiga ba, Kaka. Aljihu take shiga."

"To karanta mini masu aljihun."

Ta fara karanta sunayen waɗanda suka tofa baki, ina jefa ƙwaya ɗaya ɗaya a tsumma. Wasu sunayen ba na mutane ba ne, wani Sarkin Gayu, wata Tauraruwa. Tsumma ya cika, na sake babba. Mudu ya ƙare, yatsanta bai daina ja ba. Ta ce waɗannan masu magana ne kawai, waɗanda suka gani suka wuce ba a lissafa su. Na ƙulle abin da na samu. Na ce to a nuna mini bakin farko, wanda ya fara cewa gawa. Ta nuna mini. A inda fuskarsa ya kamata ta kasance, hoton mota ne.

Tun a nan ya kamata in gane. Amma mai guduma kome ya gani ƙusa ne a wurinsa, ni kuma abin da na iya ke nan. Na ce tunda babu bakin farko, a kawo hannun farko. Na je na sami Jummai. Ta yi ta kuka tana cewa ita tambaya kawai ta yi. Na ce, "'Yar nan, wanda ya buɗe ƙofar garke ba zai ce shi bai ci amfanin gonar kowa ba." Ta yarda za ta zo.

Ban taɓa shirya zama kamar wannan ba. Na kawo Alhaji Sule, lokacin ya zama dattijon layinsu. Na kawo limamin masallacin da ke kusa, da faston cocin Ladi, da shugaban direbobin tashar. Mu kamar ashirin a cikin rumfar, da hantsi. Na sa farin mayafina na Makka, carbi a hannu. Na ce wa Nafisa ta ɗauka da waya daga farko har ƙarshe.

Na miƙe. Na dubi wayar kamar yadda nake duban shaidu. Na ce, "An ce Ladi mai tuwo tana zuba ruwan wankan gawa a miyarta." Kalmar farko, "an ce" ɗin nan, a hankali na faɗe ta, kamar yadda aka saba, don nauyin yana kan sauran. Na yi shiru. Numfashi uku. Har na sunkuyar da kai, yadda Gwaggo take yi.

Sannan na ce ƙarya ne. Ladi ta kawo kara ta ƙona a gabanmu, ta tace, ta cika kofi ta shanye. Shugaban direbobi ya karɓa ya kurɓa, ya ce, "Wannan ai shi kakata take sawa, sai dai na Mama ya fi kauri." Liman da fasto suka sa hannu a kwano ɗaya. Alhaji Sule ya ce a ƙara masa miya, aka yi dariya. Jummai ta durƙusa ta riƙe ƙafar Ladi, Ladi ta ɗaga ta ta ce, "Tashi, yarona ne kai." Aka fasa goro. Da Gwaggo tana raye da ta ce na iya.

A tasi muna komawa na ce wa Nafisa, "Yanzu sauran bin gidaje. Ni ƙafa biyu gare ni, sun kuma tsufa. Ke kina da ƙafa dubu. Sa shi a shafinki."

Ta ce, "Kaka, masu bin shafina yawancinsu ba su taɓa jin labarin ba."

Na ji maganar Gwaggo ta taso mini a kunne, ta gidan da ciwo bai shiga ba. Na danne ta. Na ce a raina ai ciwon da maganin tare za su shiga.

Ta ce, "To bari in yanke farkon. A fara daga inda kika ce ƙarya ne."

"Ƙaryar me? Wa zai san abin da aka wanke? Ba a wanki da rabin sabulu."

"Za su yanke shi da kansu, kuma ba inda nake so ba."

"Wa zai yanke maganar tsohuwa a tsakiya? Ba su da iyaye?"

Direban tasin ya dube mu ta madubi. Nafisa ta ce, "To, Kaka." Ta danna.

Washegari na hau bas daga Karu zan je in ga yadda benci ya cika. Wata mata a gefena ta yi ta kallona, ta dubi wayarta, ta sake kallona. Ta ce, "Mama, ke ce? Allah Ya saka miki da alheri. Kin ceci al'umma." Ta miƙo mini wayar. Ga ni da farin mayafi da carbi. An datse kan maganar, an fara daga sunan Ladi, aka tafi har inda na sunkuyar da kai, aka tsaya. Sai ya koma farko. Ta karanta mini rubutun da ke sama: Hajiya ta fasa ƙwai.

Na fara yi mata bayani. Kafin ta fahimta dole in faɗi wace ce Ladi, ina rumfarta, me aka ce. Da na ɗaga kai na ga mutum goma sha wani abu suna saurare, waɗanda da safen nan ba su san akwai wata Ladi a duniya ba. Matar ta ce, "Allah Sarki, ashe haka ne," ta sauka a tasharta. Wani a baya ya ce wa na kusa da shi, "Ko ma dai mene ne, gara mutum ya ci a gida."

Ranar ko direbobi ba su cika benci ɗaya ba. Shugabansu ya zo shi kaɗai ya ci, ya ce matansu ne suka hana su. Bidiyon Jummai tambaya ce daga bakin yarinya, ana iya cewa wasa ne. Nawa kuwa shaida ce daga bakin tsohuwa mai carbi.

Nafisa ta yi iya yinta. Ta sake sa cikakken, ta rubuta bayani sau uku, ta roƙi masu manyan shafuka. Amma yankakken numfashi goma ne, cikakken kuwa ya kai tsawon dahuwar shinkafa, kuma mai waya ba shi da haƙurin ƙuda. Wasu da suka kalla suka ce an biya tsohuwar ne ta janye. Masu duba tsafta suka zo suka bincika, ba su sami komai ba, suka ba Ladi takarda. Ta liƙa ta a jikin rumfa. Ba wanda ya matso kusa da zai iya karantawa.

Na ɗauki ƙullina da lema na shiga gari, kwana arba'in. A nan na san Abuja ba Zariya ba ce. A Zariya gida yana da zaure, ka yi sallama a ce shigo. Nan katanga ce da waya mai ƙaya da kare. Maigadi zai leƙo ta ƙaramar taga ya ce, "Mama, wa kike nema? Kina da lambarsa?" Ni da na zo gyara abin da waya ta ɓata, sai an kira ni a waya kafin in shiga. Inda na samu shiga, in dubi ɗakin in nemi wanda ake duba kafin a yi dariya, sai in ga kowa tafin hannunsa yake duba. A kwana arba'in tsamiya ashirin da uku na yar. Ƙullin bai san an taɓa shi ba.

Wata safiya wasu samari suka jefi rumfar suka fasa tulun. Mata huɗun nan suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ta ce a unguwarsu an daina karɓar abu daga hannunta. Mai filin da take haya ya ce wa Ladi shi ba ya zarginta, amma yana da wasu 'yan haya. Kafin lokacin kaka ta sayar da bencunanta ta koma gida.

Bayan shekara na je Paikon Kore. Na same ta a bakin gona tana kankare doya, ta rame. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo tuwo. Na kai loma ɗaya na san babu. Na ce, "Ladi, ina tokar?"

Ta ce, "Na bar shi, Hajiya. Ko a nan, in na juya baya a murhu, yara yana kallon hannuna. Jikana a makaranta ana kiransa da sunan abin."

Na ce mata bakina ne ya yi wannan.

Ta ce, "Kin faɗa ƙarya ne. Na ji da kunnena." Ta ɗan tsaya tana kankare doyar. "Mu ashirin muka ji."

Ta raka ni bakin titi, ta ɗora mini doya uku, ta ce in gaida Nafisa.

To, ku masu cewa yatsa ne da data, ga abin da kuke riƙe da shi. Ni ina shiga gida in ga fuskar da zan gaya wa magana, in san abin da za ta iya ɗauka, in ta karkace in miƙe ta nan take. Ku kuna zuba magana a rijiyar da ba ku ga ƙasanta ba, kowa ya zo da gugansa ya ɗebi inda yake so. Ban ce ku bari ba, ba ku da wata sana'ar, duniyar ma ba ta da wata hanyar yanzu. Na ce dai ku sani.

Gwaggo Delu ta rasu tun kafin waya, an binne ta da sunanta cikakke. Alhaji Sule ya koma Kano, 'ya'yansa ke shagon, a waya suke sayar da atamfa, ba su san ni ba. Jummai ta yi aure a Suleja, an ce har yau ba ta ɗaukar hoton kowa, ko na 'ya'yanta. Mai hoton mota ba a taɓa sanin ko wane ne ba. Wataƙila yana gaishe ni a hanya in amsa. Nafisa ta yi nisa, manyan kamfanoni ke kiranta, kuma duk wanda ya zo mata a firgice abin da take fara ce masa shi ne ya rufe bakinsa kwana uku. Ladi tana Paikon Kore tana noman doya, ƙaramin ɗanta bai ƙarasa makaranta ba. A inda rumfarta take, yanzu shagon gyaran waya ne.

Ni kuwa tun daga kanta ban sake karɓar wanki ba. Lemar ta tsage, silifas na ba almajirar maƙwabta, goro sai na ci. Ƙullin yana nan ƙarƙashin gadona, don ba a kwance ƙulli sai tsamiya ta ƙare. Da tatsuniya ce, nan ne zan rufe muku ita ku tashi. Amma bidiyon bai mutu ba. Yakan kwanta shekara, sai ya taso, wani lokaci da sunan wani garin, ni dai ce a ciki da farin mayafi ina sunkuyar da kai. Makon jiya wata ƙawar Nafisa ta turo mata shi daga Legas tana tambaya, wai wannan ba kakarki ba ce, da gaske ne abin da ta faɗa?

Nafisa ta karanta mini, ta ce, "Me zan ce mata, Kaka?"

Na ce ta jawo mini ƙullin, ta duba kicin ta kawo tsamiya ɗaya in ƙara.